Sajo Ya Kai Ɗan Yayansa Kasuwa

Ina tsakiyar matsar ƙuli da hantsi Sajo, ƙanin mijina marigayi, ya yi sallama ya tsaya a kaina. Ko gaisuwar bai bari ta nuna ba ya ce, "Matar Yaya, daga yau ki cire maganar aikin yaron nan daga ranki. Na karɓi igiyarsa."

Na ce, "Wa ya miƙa maka?"

"Jini. Ba ni ne baffansa ba?"

"Ranar rabon gado ma kai ne baffansa. Ka ɗauki garma ka bar mana ƙota."

Yaron da yake nufi nawa ne, shi kaɗai Allah ya bar min, kuma ɗan fari, don haka sunansa ba ya fita a bakina. In kun ci karo da sunan a labarin nan, daga bakin wasu ya faɗo. Ya yi difloma a Kano ya dawo Gwarzo, ya yi ta yawo da fayil har fayil ɗin ya fi shi sanin hanya. Da ya gaji sai ya ce min, in wannan karon ma bai dace ba, zai bi motar shanu ta ƙarshen mako ya tafi Legas, wai abokinsa ya ce ana samun dako a can. Uwa ba ta ce wa ɗan fari kada ka tafi. Ban ce ba. Na dai ƙona ƙuli a ranar, ni da tunda na fara sana'ar ban taɓa ƙona shi ba.

Aikin da ake magana na sabon kamfanin casar shinkafa ne da aka buɗe a bakin titi kafin a shiga Kabo. Mai kula da sito suke nema, mutum ɗaya tak. Masu nema kuwa, duk gidan da ka leƙa daga Sabon Birni har Dugabau sai ka tarar ana goge riga.

Shi Sajo a bakinsa babban dillalin shanu ne. A ido kuwa igiya yake riƙe wa dillalai a kasuwar Getso, in ciniki ya faɗa a ba shi na goro. Yana yawan ba da labarin yadda ya taɓa sayar wa wani mahauci tsohuwar saniya a matsayin karsana, har mahaucin ya dawo nemansa washegari. Dawowa kam ya dawo. Giɓin da ke bakin Sajo shi ne shaida.

Ya ja turmi ya zauna, ya ɗebi ƙulina ba tare da ya tambaya ba. Ya ce, "Kin san abin da ke kashe masu neman aiki? Kowa shi yake kai kansa kasuwa. Ke tunda kike, kin taɓa ganin sa ya sayar da kansa?"

Na ce, "Ban taɓa ganin sa da difloma ba."

"Shi ya sa wannan zai yi tsada. Mutum ɗari za su je da takarda iri ɗaya, riga iri ɗaya, roƙo iri ɗaya. Namu zai je da dillali. Wallahi sai manajar ta biyo mu har bakin titi tana roƙo."

Ni 'yar kasuwa ce, kuma maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Kayan da ba shi da mai yabo, ko zinariya ne, arha yake tashi. Yaron ma bai yi musu ba. Ba a jayayya da baffa, kuma duk wata dabara tasa ya riga ya gwada ta.

Aka fara da turka. Sajo ya ce ba a kai ramammen sa kasuwa, sai an ɗaure shi a inuwa an ciyar da shi. Ya hana yaron fita ko zaure, wai rana tana cinye kitse. Ya sa na yi ta dama fura, ina dafa wake, ina tuƙa tuwo da tsakar rana kamar gidan suna. Da ya ga cin bai kai yadda yake so ba, sai ya zo da wani dunƙulen jar kanwa a ƙunshe a tsumma, irin wadda ake ajiye wa shanu su lasa.

Na ce, "Wannan fa?"

"Mabuɗin ciki. Sa ba ya cin kirki sai ya sha kanwa."

Da hannunsa ya fasa ta ya zuba a kunu. Cikin kuwa ya buɗe. Ya buɗe fiye da yadda aka nema.

Indo, maƙwabciyata da katanga ɗaya ta raba mu, ita ma 'yarta Ikilima tana cikin masu neman aikin. Ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Uwaliya, lafiya butarku ba ta hutawa?"

Na ce, "Alwala yake yawaitawa. Addu'ar aiki."

"Allah ya karɓa. Irin wannan ibada da gudu ake zuwa yin ta?"

"Ke dai ki ji da taki. Na ji Ikilima tana ta haddar turanci kamar rediyo mai ciwon batir."

"Gara rediyo, Uwaliya. Naku ai famfo ne."

Da abin ya lafa, yaron ya fito daga ɗaki idanu a zurme, wuya kamar na zalɓe, wando sai da ya ƙara masa ƙulli. Sajo ya zagaya shi, ya latsa haƙarƙarinsa, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Ya zubar da ruwan banza. Yanzu saura tsoka zalla."

Na ce, "Ina tsokar?"

"Tana tafe. Ɗauko min kayan Yaya Baƙo."

Safiyar intabiyu ya tufatar da shi da kansa. Taguwa a kan taguwa, rigar sanyin marigayi a kai, sannan kwat ɗin aro da ya karɓo wurin wani malamin makaranta. Ga shi bazara ce, irin wadda kaza ke buɗe baki tun da safe. Ya ɗebi man gyaɗata na sayarwa ya mulke masa fuska da wuya da bayan hannu, wai kaya sai da sheƙi. Ya so ya shafa masa jan fenti a kafaɗa, yadda ake yi wa sa alama don a gane shi a cikin garke. Nan ne kawai yaron ya ce, "Baffa, don girman Allah." Aka sasanta a kan jar dara.

Sajo ya ce, "Saura doka. In mun je, kada ka yi magana."

"Baffa, intabiyu fa magana ce."

"Shekara nawa kana magana? Me ta ba ka? Dabba mai yawan kuka ba ta tsada. Kai dai ka tsaya ka cika ido, sauran nawa ne."

Da yaron ya fita, Sajo ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce akwai babban sirrin kasuwa da 'yan boko ba su sani ba. In mai saye ya tsaya yana jan ƙafa, dillali yakan sa nasa mutum ya zo kamar baƙo ya taya kayan da tsada. Mai saye yana ganin za a ƙwace masa, sai ya ƙara ba shiri. Ya ce ya riga ya tanadi mai tayi.

Na ce, "Wa?"

"Mijinyawa."

Mijinyawa mai shayi ne a tashar Gwarzo. Allah ya ba shi tumbi da murya, abin da ya rage masa ya zama Alhaji kuɗi ne kawai. Sajo ya aro masa babbar riga wurin mai wanki da guga, da baƙin tabarau, da rawani da zai rufe masa baki, ya kuma karɓo wata mota wurin bakanike da ta daɗe tana jiran mai ita.

Ni ma na je Kabo. Ba rakiya na yi ba, uwa ba ta raka ɗan fari. Na ji za a yi taro ne, na cika bokiti da ƙuli da soyayyar gyaɗa na tafi kasuwata.

Taro kuwa an yi. Layi ya fito daga farfajiyar kamfanin ya bi katanga ya lanƙwasa. Ga leburori suna sauke buhuna, ga direbobin manyan motoci a kwance a inuwar tayoyi, kuma duk faɗin wurin babu mai sayar da ko ruwan zafi. Kafin a fara kiran suna na sayar da rabin bokiti. An kafa rumfa a tsakar farfajiya, an sa tebur, manajar na zaune, wata Hajiya Zinnira daga Kano, 'yar siririya mai magana a hankali kamar tana tsoron tada jariri. Duk wanda aka kira, a gaban kowa yake amsa tambaya.

Yaron yana cikin layi yana narkewa. Gumi ya haɗu da man gyaɗa yana gangarowa cikin kwat. Ƙudajen Kabo kaf suka bar mahauta suka zo gaishe shi. Na gabansa ya matsa gaba, na bayansa ya ja baya, ya zama shi kaɗai a fili da jar dara. Sajo ya waiwayo ya kalle ni ya ɗaga gira, wai in ga yadda kaya ya fita daban.

Indo, da ta rako 'yarta, ta zo ta sayi gyaɗa ta ce, "Jiya na gan shi kamar sillen kara, yau ya zama buhu. Wace fura ce wannan?"

Na ce, "Ba ta sayarwa ba ce."

Aka kira suna. Yaron ya nufi tebur, Sajo na biye da shi riƙe da gefen kwat.

Hajiya ta ɗago ta ce, "Wane ne Mahbub a cikinku?"

Sajo ya ce, "Ga shi nan, ranki ya daɗe. Ni dillalinsa ne."

"Kai wane ne?"

"Baffansa."

"To Baffa, koma inuwa ka jira shi."

"Hajiya, duba kaya tukuna." Ya juya yaron ya nuna mata baya. Ya ɗaka masa duka a kafaɗa, aka ji tif kamar an bugi katifa. "Kin ji? Ba iska ba ce. Kai, buɗe baki ta ga haƙori. Ko ɗaya bai faɗi ba. Taka ka je can ka dawo. Kin ga ƙafa? Ba ɗingishi, ba harbi, ba ya tsallake shinge. Uwarsa ga ta can, har yanzu ita ke matsar mai da hannunta. Irin gidan ne."

Layi ya kwashe da dariya. Ni dai na ci gaba da ƙulla gyaɗa.

Hajiya ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Mahbub, a ce an kawo maka shinkafa sito, ka tarar wasu buhunan da danshi. Me za ka yi?"

Yaron ya san amsar, na ga ta taso masa har maƙogwaro. Yana buɗe baki Sajo ya take masa ƙafa.

"Ba ya magana sai an taya, Hajiya. Saya."

"Ba saye muke ba. Aikin sito ne, albashi yana nan yadda muka sanar."

Sajo ya girgiza kai kamar an zage shi. Ya ce, "Albarka." Ya ja gefen kwat ya juya. "Mu tafi, ba masaya ba ne."

Suka nufi ƙofa. Duk ɗan kasuwa ya san wannan tafiyar, ana yin ta ne da kunne a baya. Da suka zo daidai inda nake na ji Sajo na cewa, "Kada ka waiwaya. Yanzu za ta kira." Suka rage sauri. Ba ta kira ba. Suka ƙara ragewa har tafiyar ta koma kamar ta masu ɗaukar gawa. Suka isa bakin ƙofa suka tsaya suna kallon titi. Can Sajo ya juyo da shi suka dawo gaban tebur.

"Hajiya, kin yi kira?"

"A'a."

"Na ji kamar an yi."

"Wataƙila injin ne."

Sai ga mota ta shigo farfajiya, ba ƙara ba hayaƙi, wasu direbobi biyu na tura ta. Ta mutu ne tun a kwanar shigowa. Ƙofar baya ta ƙi buɗewa, sai ta gaba Mijinyawa ya fito, tumbi a gaba, rawani har hanci, yana baza hannun riga.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ina yaron nan da labarinsa ya cika Kano? Ina Mahbub? Tun asuba nake bin sawunsa!"

Sajo ya dafe ƙirji. "Wayyo, Alhaji, har nan ka biyo mu? Ai na ce maka Hajiya ce ta riga gani."

"Ba ruwana! Ni zan ɗauke shi. Kamfanina ba zai kwana babu shi ba."

Hajiya ta ajiye biro ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Wane kamfani ne?"

Nan Sajo bai shirya masa amsa ba. Mijinyawa kuma mutum ne mai tsoron Allah, ba ya son ƙarya in da hali. Ya ce, "Muna harkar sukari. Da madara. Da ganye. Muna taɓa ƙwai."

"Ma sha Allah."

"Ba ma rufewa, safe da yamma. Manyan mutane a gabana suke zama."

Sajo ya ce, "To Alhaji, taya."

Mijinyawa ya ce, "Na ba shi abin hawa."

'Yan layi suka juyo suna kallonsa.

"Na ba shi wurin zama nasa na kansa. Ci da sha kuwa, sai ya ture."

Sajo ya ƙifta masa ido, wai ya isa haka. Amma Mijinyawa ya ji daɗin yadda mutane suka zuba masa ido, tunda yake ba a taɓa sauraronsa ba sai in ana son ƙarin sukari. Ya ɗaga hannun dama sama ya sauke shi a hankali zuwa na hagu, ya ce, "Da kujerar Makka!"

Wani a layi ya yi salati.

Sajo ya juya wurin Hajiya yana murza hannu. "Kin ji da kunnenki, ranki ya daɗe. Ni ke nake so ki samu, don ke kika fara gani. Ki ƙara, ko in sallama masa."

Hajiya ta kalli yaron, ta kalli Alhaji. Ta ce, "Mu ba mu da ko ɗaya a cikin waɗannan. Ba zan tare wa bawan Allah arzikinsa ba. Sallama masa." Ta ja layi a kan sunan. "Allah ya sanya alheri, Mahbub. Na gaba."

Sajo ya ce, "A'a, Hajiya, ba haka ake yi ba. Ke ma sai ki ɗan motsa."

"Ka ce in ban ƙara ba ka sallama. Ban ƙara ba."

Direbobin da suka turo motar, da yake sun saba da kasuwa, suka haɗa baki, "An sallama! Allah ya sa albarka!"

Yaron ya tsaya a rana, mai na ɗiga daga haɓarsa. Ko ni sai da na daina ƙulla gyaɗa.

Sai wani dogo daga layi ya ce, "Alhaji, ko akwai sauran gurbi?"

Da Mijinyawa ya yi shiru da an rabu lafiya. Sai ya ce, "Gurbi ai ba ya ƙarewa."

Layin nan ya tsinke kamar carbi. Suka yi kansa da fayil a sama, wannan na cewa yana da digiri, wancan na cewa ya iya kwamfuta, wani ya durƙusa yana goge masa takalmi da hularsa. Mijinyawa ya ja da baya ya faɗa mota ya rufe. Mota ta ƙi tashi. Masu neman aiki suka ga dama ta samu ta nuna ƙwazo, suka hau tura ta, kowa na leƙa taga don Alhaji ya shaida fuskarsa. Suka zagaya farfajiya da ita, ba wanda ya tambayi inda za a.

Indo na gefena tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Uwaliya, kin ga yadda Alhajin nan ya ɗaga hannu ya sauke ɗazu? Kamar mai sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi."

Na ce, "Ban lura ba."

Ta tashi ta gyara mayafi. Da motar ta zo wucewa ta gabanmu, ta ɗaga murya ta ce, "Mijinyawa! Haɗa min mai kauri, ban da sukari!"

Daga cikin mota, ba tare da ko numfashi ba, aka amsa, "Da burodi ko haka?"

Masu turi suka tsaya cak. Mota ba ta tsaya ba, ta gangara a hankali ta sa hanci a kwatar bakin ƙofa. Wani ɗan Sabon Birni ya miƙa hannu ta taga ya janye rawanin. Ya ce, "La ilaha illallahu. Jiya da daddare na ci ƙwai a wurinsa."

Ban san mai tumbi na iya gudu haka ba. Ya fita ta ɗaya ƙofar, ya tattare riga a hammata, ya yanki gona, masu digiri na bin sa da fayil. Sajo kuwa aka neme shi aka rasa. Sai bayan ƙura ta lafa leburori suka zaƙulo shi daga cikin tulin ɓuntun shinkafa a bayan injin, yana susa da hannu biyu. Yana fitowa ya ce, "Kasuwar ce ba ta san kaya ba."

'Yan kaɗan ne ba su bar layi ba, Ikilima na cikinsu. Ta amsa tambayoyinta, aka ba ta sito. Indo ta rangaɗa guɗa a kunnena, na ce Allah ya sanya alheri, ta biya ni kuɗin gyaɗata.

A gida yaron ya tuɓe kayan mutane, ya yi wanka har sabulu ya ƙare, ya ɗauko jaka ya fara ninke riguna. Motar shanu tana nan tafe.

Da gari ya waye na yafa mayafi na tafi tasha. Teburin Mijinyawa ya cika maƙil, har da na tsaye. Labari ya riga ya zagaya, kowa ya zo shan shayin Alhaji. Yana ganina ya sunkuyar da kai cikin tukunya.

Na ce, "Alhaji, ina kwana. Na zo maganar kayanka."

"Wane kaya, Inna?"

"Wanda ka taya jiya aka sallama maka. Yana gida, yaushe za ka ɗauka?"

"Haba Inna, wasa ne fa. Sajo ne ya sa ni."

"A kasuwa akwai wasa? In na taya ƙwanka ka sallama, na fasa shi a kasko, sannan na ce wasa nake, za ka yarda?"

Ɗaya daga direbobin jiya yana kan benci da kofi a hannu. Ya ce, "Gaskiyarta. A gabanmu aka sallama."

Na ce, "Ka ji shaida. Ko mu ƙarasa wurin sarkin kasuwa ya raba mu?"

Mijinyawa ya share gumi da tsumman goge tebur. "Inna, ni ina na ga abin hawa? Keke gare ni, na ɗauko burodi."

"Keke hawa ake ko sha ake?"

Benci ya ɗauki dariya.

"Wurin zama kuwa," in ji shi, "sai dai benci."

"Ba benci ka ce ba. Ka ce nasa na kansa. Jiya a ƙofar kamfanin nan ka ga mai shayi? Ga leburori, ga direbobi, ga ma'aikata, kowa na haɗiyar yawu. Ka kafa tebur a can, kayan shayi naka, hannu nasa. Riba a raba biyu."

Ya daina share gumi. Na ga idonsa ya tafi Kabo ya dawo. Ya ce, "Kashi uku. Biyu nawa, ɗaya nasa."

Na ce, "Albarka." Na juya na kama hanya.

Ban kai bakin kwata ba ya ƙwala kira, "Inna! Dawo mana, ai ba a haka."

Aka raba biyu. Ƙulin da za a riƙa ajiyewa a teburin kuma nawa ne, ba na kowa ba. Maganar Makka na ce ban yafe ba, na dai ɗaga masa ƙafa.

Na dawo na tarar jaka a bakin ƙofa, yaron na ɗaure takalmi. Na wuce shi na zauna gaban kaskona. Na ce da bango, "An saye ka. Gobe za ka fara, a ƙofar kamfani."

Ya ce, "Inna, da diflomata zan sayar da shayi?"

"Da ita za ka yi dako a Legas."

Ya saki igiyar takalmin.

Na ce, "Ni ba ruwana, ba hana ka na yi ba. Ciniki ne ya faɗa a gaban shaidu. Kayan da aka sallama ba ya hawa mota sai da izinin mai shi."

Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina kallon wuta. Can na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin ta ubansa. Ya ɗauki jakar ya mayar ɗaki. Ƙulin ranar ko ɗaya bai ƙone ba.

Yanzu yana can. Keke ya zama babur. Ikilima kan aiko a haɗa mata, kuma tana biya, don na ce masa maƙwabtaka daban, tebur daban. Rannan Hajiya Zinnira ta tsaya da kanta, tana jiran shayi ta sake yi masa tambayar buhu mai danshi. Ya amsa tiryan-tiryan. Ta ce in gurbi ya samu za ta neme shi, amma ya zo shi kaɗai.

Sajo yana nan a Getso yana ba da labari, wai duk taron nan na Kabo mutum biyu ne suka samu aiki, ɗaya kuma shi ya yi dillancinsa. Ba a iya ƙaryata shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Shekaranjiya ya shigo ya ja turmi ya zauna, ya ce, "Matar Yaya, ciniki ya faɗa, kaya ya karɓu. Ina la'adata?"

Na shiga ɗaki na ɗauko ragowar jar kanwar a tsummanta na dire masa a cinya.

Ya ce, "Me zan yi da wannan?"

Na ce, "Ka jiƙa ka sha. Ka zubar da ruwan banza."